Kundin aikin raba bishiyoyin magnoliya da ƙwaron ɓawo a birnin Columbus

13 ga Yuli, 2024

Bishiyoyin da wannan aiki ya shafa uku ne, dukkansu a harabar gidan da muke zaune a birnin Columbus na jihar Ohio, a Amurka. Biyu suna bakin ƙofar gida, irin magnoliyar nan mai manyan furanni ruwan hoda wadda wani Bafaranshe, Étienne Soulange-Bodin, ya samar a shekarun 1820 ta hanyar haɗa iri biyu da suka fito daga ƙasar Sin. Ta ukun gajeriya ce mai yawan rassa, tana gindin tagar falo, ita ake kira magnoliyar tauraro, asalinta kuwa Japan, kuma ita abin ya fi yi wa illa.

Alamun da suka bayyana a makon nan ba su da wuyar ganewa. Ganyen da ke ƙasa-ƙasa ya yi baƙi, dakalin ƙofa da gilashin mota suna danƙo, rina da ƙudaje sun tare a bishiyoyin tun daga hantsi har yamma, ga kiyashi suna hawa da sauka a jikin kututture ba hutawa. Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san darɓa in ya gan ta, ya kuma san ba ta zuwa haka kawai, dole akwai abin da ke tsotsar shukar. Da na ɗaga ƙananan rassan na leƙa ƙarƙashinsu sai ga su a jere, sun lafe kamar kaska a jikin saniya, kowanne lulluɓe da farin kaki mai gari-gari, a wasu rassan ma sun rufe ɓawon bishiyar ruf.

Na gwada abin da na gani da bayanan da sashen malaman gona na Jami'ar Jihar Ohio ke wallafawa, kuma babu tantama ƙwaron ɓawo na magnoliya ne, Neolecanium cornuparvum a sunan kimiyya. Ɗan asalin gabashin Amurka ne, yana kuma cikin mafiya girma a danginsa a wannan nahiya, domin macen da ta ƙosa takan kai kimanin milimita 12. Ba ta tafiya, ba ta tashi. Bakinta siriri ne mai tsawo, takan soka shi ta cikin ɓawo har ya tarar da jijiyoyin da ke sauko da abinci daga ganye, sai ta zauna nan tana sha har ƙarshen rayuwarta. Ruwan da ke cikin waɗannan jijiyoyi sukari ya yi masa yawa, abin gina jiki kuma kaɗan ne, don haka dole ta sha da yawa ta fitar da rarar, rarar nan kuwa ita ce darɓar. Baƙin da ke kan ganye fumfuna ce mai tsirowa a kan darɓa. Ba ta shiga cikin ganyen, sai dai tana tare masa hasken rana. Babbar ɓarnar tana ga tsotson, wanda ke raunana rassa, ya ƙanƙantar da ganye, ya rage fure, idan kuma aka zuba ido shekara biyu ko uku sai rassa su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sau ɗaya yake haihuwa a shekara, kuma a kan wannan zan ɗora aikin gaba ɗaya. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne a cikin uwar, daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba 'ya'yan su riƙa fitowa daga ƙarƙashinta da ƙafafunsu, su yi ta rarrafe har su sami sabon reshe su kafa baki. A nan za su yi hunturu suna ƙanana. Idan ɗumi ya dawo sai su ci gaba da girma, mazan su yi fiffike su yi barbara su mutu, matan kuma su yi ta kumbura har su kai yadda na same su yanzu. Ke nan sau biyu ne a shekara ake samun ƙwaron ba kariya: lokacin rarrafe, da ƙarshen hunturu tun kakin bai yi kauri ba. Watan Yuli ba ya cikin lokutan nan biyu.

20 ga Yuli

Wani kamfanin kula da itatuwa ya turo ma'aikacinsa ya duba, shawararsa kuma ita ce a fesa maganin ƙwari mai kashe komai a makon nan, a maimaita bayan wata guda. Na yi masa godiya amma ban karɓa ba. Kakin da ke bayan macen a wannan wata ruwa ba ya kama shi, maganin zai sauka ya gangare tana ƙarƙashi lafiya lau, waɗanda za su mutu su ne ƙudan zuma da rinar da suka zo shan darɓa, da ƙananan ƙwarin da ke cin ƙwaron ɓawon. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki, kuma har da biyan kuɗi.

Abin da ya dace da Yuli aikin hannu ne. Bishiyoyin ƙofa ba su wuce mita huɗu ba, ta tagar kuwa ba ta kai uku ba, don haka yawancin rassan hannu yana kaiwa, sauran kuma da ɗan tsani. Kayan aikin ba su wuce bokitin ruwa, safar hannu ta roba, da buroshi mai laushi irin na wanke-wanke ba. Ana riƙe reshe da hagu, a goga daga gindinsa zuwa kai, sannan a juya shi a goga ƙarƙashi inda suka fi cunkusuwa. Macen da ke da rai takan fashe a ƙarƙashin buroshi, ta fitar da ruwa ja-ja mai danƙo da ke ɓata safar hannu da hannun riga, wadda ta mutu tun bara kuwa busasshiya ce, da ɗan yatsa ake ɓantare ta. Wannan bambanci zai yi amfani nan gaba, domin matacciya takan daɗe a maƙale, mai kallo daga nesa ya zaci magani bai ci ba. Da zarar an ɓamɓare mai rai daga reshe bakinta ya tsinke, ba ta da hanyar komawa. Duk da haka na shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa ina tara waɗanda suka zube ina ƙullewa a leda, tunda wasunsu cikinsu ya tsufa.

Da sassafe ake wannan aiki, kafin rana ta ɗaga rina su cika wurin. Dole kuma a sassauta hannu a kan sababbin rassa, saboda ɓawon magnoliya siriri ne mai saurin ƙujewa, kuma a kan waɗannan rassa ne tohon furen baɗi ke haɗuwa a daidai wannan lokaci. Rassan da suka riga suka bushe na datse su daga gindi.

28 ga Yuli

Muna tsakiyar gugar bishiya ta biyu ɗana ya tsayar da ni. Ya ce, "Baba, ga waɗansu farare nan suna tafiya." Ƙwaron ɓawo ba ya tafiya da girmansa, don haka na ajiye buroshi na ɗauko gilashin ƙara girma. Tsutsotsi ne masu tsawon 'yan milimitoci, jikinsu duk farin kaki buzu-buzu, suna yawo a tsakanin matan ƙwaron, ɗaya ma ta cusa kanta ƙarƙashin wata har rabin jikinta ya ɓace. 'Ya'yan wani ɗan buzuzu ne baƙi mai jan ɗigo biyu a baya, Hyperaspis signata, kuma ƙwaron ɓawo ne abincinsu. Masu gidaje da yawa a nan sukan zaci wata sabuwar annoba ce ta ƙaru su feshe su, saboda kamanninsu da ƙwarin nan masu farin gari da ke kama shuke-shuken cikin ɗaki.

Tarihin yaƙi da dangin wannan ƙwaro ya isa ya sa mutum ya yi hattara da feshi. A shekarun 1880 wani ƙwaron ɓawo da ya shigo daga Ostireliya ya kusa durƙusar da gonakin lemo a Kalifoniya. A 1888 aka tura wani masanin ƙwari, Albert Koebele, can ƙasar, ya aiko da buzuzun da ke cinsa, kuma kafin shekara biyu annobar ta kwanta. Da aka fara watsa maganin ƙwari na DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ya kashe buzuzun, ƙwaron ya dawo gonakin da aka daɗe da mantawa da shi. Afirka ta Yamma ma ta ga irin haka: ƙwaron mangwaro mai farin gari, wanda ɗan'uwan wannan ne na nesa, ya ɓulla a Ghana da Togo a farkon shekarun 1980, ya baƙanta ganyen mangwaro da fumfuna har zuwa Benin da Najeriya, kuma wata 'yar mitsitsiyar rina da aka kawo daga Indiya a ƙarshen shekarun ce ta karya lagonsa, cibiyar binciken noma ta IITA mai hedikwata a Ibadan tana cikin waɗanda suka yi aikin.

Duk reshen da na ga tsutsotsi a kansa na ɗaura masa jan zare, ba za a goge shi ba. Ba na tsammanin su kaɗai za su gama da cunkoso irin wannan, yawan ya fi ƙarfinsu, amma ina so a yi baɗi da zuriyarsu a gidan. Kiyashi kuwa, tunda darɓa suke sha, sukan kori duk mai neman cin ƙwaron. Na naɗa ƙyalle a kowane kututture na shafa danƙo a kan ƙyallen, ban bar danƙon ya taɓa ɓawo ba.

2 ga Agusta

Matan sun fara zubar da kakinsu, launinsu ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi, alamar haihuwa ta ƙarato. Jami'ar tana da kalanda a intanet mai lissafa ɗumin da ya taru tun farkon shekara: kowace rana ana ɗaukar abin da matsakaicin zafinta ya ɗara digiri 50 na ma'aunin Faranhait, wato digiri 10 na Salshiyas, a yi ta tarawa. Idan jimillar ta kai kimanin 1,900 a lissafin Faranhait ne ake sa ran fitowar 'ya'yan wannan ƙwaro, bana kuma ɗumi ya zo da wuri, unguwarmu ta riga ta wuce wannan adadi.

Kalandar tana faɗin lokacin da za a fara dubawa ne kawai, abin da ke faruwa a kan reshe sai an gani da ido. Na naɗa farin salatif mai danƙo gefe biyu a rassa da dama na kowace bishiya, tsakanin inda matan suke da kan reshen, domin sabon reshe 'ya'yan ke nufa. Kowace yamma zan riƙa dubawa.

21 ga Agusta

Tun kwanaki goma na farkon wata ɗigogi suka fara bayyana a kan salatif, a makon nan kuwa na bishiyar taga ya yi dum da su. Kowane ɗigo bai kai milimita ɗaya ba, launinsa ruwan ƙasa, a gilashi ana ganin ƙafafu shida da 'yan gajerun gashin kai biyu, waɗanda ba su maƙale ba kuma suna bin reshen a hankali zuwa sama. Babu kaki ko kaɗan a jikinsu. Lokacin da aka yi ta jira ke nan.

Matsalar ita ce fari. Ruwan sama ya yi ƙaranci a tsakiya da kudancin Ohio tun watan Yuni, ciyawar unguwa duk ta ƙone, kuma man feshi yana ƙona ganyen bishiyar da ke fama da ƙishirwa. Saiwar magnoliya ba ta nutsewa da zurfi, tana bazuwa ne kusa da sama, mai kauri da taushi, don haka fari yana saurin taɓa ta. Kafin feshi sai da na shayar da kowace bishiya sosai, na bar tiyo yana tsiyaya a hankali a ƙarƙashin inuwarta har ƙasa ta jiƙu zurfin taƙi guda, na kuma shimfiɗa niƙaƙƙen ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 7, na janye shi daga jikin kututture don kada ya ruɓar da shi.

Zaɓi biyu ne masu sauƙin illa a wannan mataki, sabulun feshi na ƙwari ko man feshin itatuwa mai tsabta. Dukkansu sai sun taɓa ƙwaron suke kashe shi, kuma da sun bushe aikinsu ya ƙare, ba su barin dafin da zai cutar da mai sauka gobe. Na zaɓi man, wanda ke toshe ƙofofin numfashin ƙwaron ya shaƙe shi. Takardar jikin galan ta halatta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a lokacin da bishiya ke da ganye, saboda farin kuwa na tsaya a kan na ƙasa, mililita 10 a kowace litar ruwa. Ba a fesa shi idan zafi ya haura digiri 32 na Salshiyas, ko iska ta yi nauyi da laima ta yadda ba zai bushe da wuri ba. An yi sa'a makon nan ya zo da sanyi-sanyi, na yi feshin gab da magariba bayan ƙudan zuma sun watse.

Rassa ake nufi da feshin, ganye ba shi ne wurin zamansu ba, don haka sai an cusa bakin famfon cikin bishiyar ana bin kowane reshe sama da ƙasa har ya fara ɗiga, ana kuma girgiza tankin a kai a kai domin mai ba ya daɗewa bai rabu da ruwa ba. Rassan jan zare na duba su tukuna, tsutsotsin sun gama nasu sun zama buzuzu sun tashi, don haka su ma sun sami rabonsu. Na cire tsohon salatif na naɗa sabo.

5 ga Satumba

Sabon salatif ya sake kamawa, kamar yadda aka zata, domin uwa ba ta zubar da 'ya'yanta a rana ɗaya, makonni take yi tana fitar da su. Feshi na biyu ya kamata ya biyo bayan kwana 10 zuwa 14, amma zafin da aka yi a makon ƙarshe na Agusta ya sa na jinkirta har jiya. Babu alamar ƙuna a ganye.

Gida biyu daga namu akwai wata babbar magnoliya da ta fi rufin gidan tsawo, kuma hanyar ƙafa da ke ƙarƙashinta ta yi baƙi ƙirin. Masu rarrafe ba su da fiffike, amma iska tana ɗaukarsu, suna kuma maƙalewa a ƙafafun tsuntsaye, saboda haka duk abin da na yi a gidana zai riƙa samun sabon iri daga can. Na yi wa mai gidan, wata dattijuwa, bayani, na nuna mata salatif ɗina. Ta ce ta daɗe tana zaton bishiyar ce ke zubar da danƙonta saboda tsufa. Bishiya mai wannan tsawo ta fi ƙarfin buroshi da famfon hannu, sai ƙwararre mai lasisi, kuma ta yi alkawarin nemansa.

29 ga Satumba

An yi feshi na uku a tsakiyar wata, salatif na bayan nan kuma ɗigogi jefi-jefi kawai ya kama. Shekaranjiya ragowar guguwar Helene ta iso Ohio da iska da ruwa, ta karya reshe ɗaya a bishiyar ƙofa ta dama, ta kuma wanke fumfuna kaɗan daga ganye. Ƙasa ta jiƙu a karon farko cikin watanni. Na daidaita bakin karayar da zarto, na kwance ƙyallen danƙo daga kututture tunda darɓa ta daina zuba.

9 ga Nuwamba

Ganye ya zube, yanzu ana iya ganin abin da ya saura. Waɗanda suka tsira sun kafa baki a rassan bana da na bara, sun yi duhu, launinsu toka-toka mai baƙi da ɗan tudu ja-ja a tsakiyar baya. Suna da wuyar bambantawa da 'yan ƙofofin numfashi da ke jikin ɓawon magnoliya, sai an sa kan allura: ƙofar ɓawo ba ta motsi, ƙwaron kuwa yana ɗagowa. A bishiyoyin ƙofa, rassan da hannu ke kaiwa kaɗan-kaɗan ne a kansu, amma na can ƙololuwa sun fi yawa. A bishiyar taga ɓangaren da ke fuskantar bango ya fi muni, domin rassan sun cushe a can, bakin famfo ba ya shiga yadda ya kamata. Gawarwakin matan bana suna nan birjik a inda buroshi bai kai ba, busassu, ba su da sauran illa.

Shawara biyu na yanke. Ta farko, babu takin zamani mai yawan naitirojin, duk da cewa bishiyoyin sun rame kuma zuciya tana son a yi musu gata. Irin wannan taki yana fitar da sabon toho mai taushi, yana ƙara abin gina jiki a ruwan da ƙwaron ke sha, ya ƙara masa haihuwa. Takin ciyawar harabar ma zan tsayar da shi nesa da gindinsu. Ta biyu, sassabe rassan da suka cushe zai jira sai bayan fure, saboda yanka a yanzu asarar furen baɗi ne, kuma magnoliya ba ta saurin warkar da rauni a lokacin sanyi. Wasu sukan yi feshin mai a wannan wata, hujjarsu kuma tana da ƙarfi, amma bishiyoyin da suka sha fari da feshi uku na ga ya fi kyau su huta zuwa Maris.

25 ga Janairu, 2025

A makon nan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15 ƙarƙashin sifiri. Na yanko ɗan reshe daga bishiyar taga na bar shi ya kwana a ɗaki, da safe na danna ƙwarin da allura, yawancinsu suka fitar da danshi, wato suna da rai. Ƙwaron da ya samo asali a wannan yanki hunturun Ohio ba zai yi masa komai ba.

12 ga Maris

Yau aka yi feshin da na fi ɗora rai a kai. Sharuɗɗansa uku ne: zafi ya kasance sama da digiri 4 na tsawon awa 24 ba tare da daskarewa ba, babu ruwan sama a hasashen ranar, kuma tohon fure yana nan a rufe cikin rigarsa mai gashi bai nuna launi ba. Magnoliyar tauraro tana cikin itatuwan da ke fara fure a nan, tun kafin ganye ya fito, don haka damar 'yan kwanaki ce, in ta wuce man zai ɓata furen.

Tunda babu ganye ana iya ƙara ƙarfin haɗin, na yi kashi 3 cikin 100 bisa abin da takardar ta halatta wa bishiyar da ba ta farka ba. Rashin ganyen ya kuma sa ana ganin kowane reshe, har na ƙololuwa da doguwar sanda. A bishiyar taga na shiga tsakaninta da bango na fesa daga ciki zuwa waje. Ana azumi, saboda haka da hantsi na yi aikin, wanda kuma ya dace da buƙatar man ya bushe kafin sanyin dare.

27 ga Afrilu

Fure ya zo ya wuce, bai kai na shekarun baya yawa ba amma bai ƙone ba, ganye kuma ya fito kore shar. Na sassabe rassan da suka giciye juna a bishiyar taga, yanzu hannu da iska suna ratsa ta.

Wannan ne lokacin da ake yanke hukunci a kan magungunan da bishiya ke sha ta saiwa su bi jijiyoyinta su kashe mai tsotso daga ciki. Biyu ne aka fi amfani da su. Imidacloprid ana zuba shi a ƙasa a gindin bishiya, yana ɗaukar makonni kafin ya hau, yana buƙatar ƙasa mai danshi, kuma yana daɗewa a jikin itacen. Dinotefuran ya fi narkewa a ruwa, yana hawa da sauri, ana iya fesa shi a ƙasan kututture, kuma bai kai na farkon daɗewa ba. Dukkansu suna aiki a kan irin wannan ƙwaro, babu gardama, kuma ga bishiya mai tsawo irin ta maƙwabciyarmu kusan babu wata hanya. Ma'aikacin da ta kira ya zuba mata bayan furen ya kaɗe.

Dalilin jiran kaɗewar fure shi ne dukkansu dafi ne ga ƙudan zuma, furen magnoliya kuwa buzuzu da ƙudan zuma suna zuwa ɗibar garinsa. A watan Yunin 2013 an fesa dinotefuran a kan wasu itatuwa masu fure a Wilsonville ta jihar Oregon, ƙudan zuman daji kimanin 50,000 suka mutu, a 2018 kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da imidacloprid a fili. A Amurka an halatta su, amma abin da ke rubuce a jikin galan doka ne, ƙetare shi laifi ne. Ni abin da ya ƙara sa ni jinkiri shi ne buzuzun da na yi ta lallaɓawa tun bara, domin ƙwaron da ya sha dafi shi ne abincin tsutsotsinsa. Bishiyoyin ƙofa ba su buƙatar wannan magani. Ta taga na ba ta zuwa watan Yuni.

Ba mamaki ita ta fi wahala. Malaman gona sun lura cewa nau'o'in da aka kawo daga Asiya, musamman na tauraro da mai manyan furanni, sun fi kamuwa a kan magnoliyoyin da suka samo asali a Amurka tare da ƙwaron. Ga shi kuma an dasa ta a ƙarƙashin indararo, ruwan sama ba ya isa gindinta sosai, bango yana mayar mata da zafi. Idan ta kai ga a sauya ta, Magnolia virginiana 'yar ƙasa zan dasa, nesa da bango.

15 ga Yuni

Mazan sun riga sun fito sun gama aikinsu, ana ganin fararen kwansonsu fanko a kan rassa, matan da suka tsira kuma sun fara kumbura suna yin farin kaki, don haka yanzu ne ake iya ganin sakamakon feshin Maris. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace bishiya ta wuni. Ta bishiyoyin ƙofa ta tashi a bushe, 'yan matan da na samu a rassansu kuma na goge su nan take. Ta bishiyar taga ta sami ɗigon darɓa a gefe guda, na bi shi sama na tarar da gungu biyu a rassan da ke goga bango, tsutsotsin buzuzu kuma suna cikin ɗaya daga ciki. Na goge gungun da babu tsutsa, ɗayan na ɗaura masa jan zare.

A kan wannan na fasa zuba magani ta saiwa a yanzu. Ƙyallen danƙo ya koma kututture, shayarwa za ta ci gaba duk makon da ba a yi ruwa ba, za a kuma sake bin rassan da buroshi a farkon Yuli tun cikin matan bai tsufa ba. Salatif zai koma rassa a mako na uku na Yuli, ya riga na bara da kwanaki. Idan na bishiyar taga ya cika kamar yadda ya yi a Agustan da ya wuce, za a kira mai lasisi ya sa mata dinotefuran ita kaɗai. Idan ɗigogi jefi-jefi ya kama, man feshi kashi 1 cikin 100 ya wadatar.